Mabuɗin Shamuwa

A kasuwar tsofaffin kaya ta Yangiobod da ke birnin Tashkent, in ka wuce layin masu ƙusoshi da kawunan famfo da aka ɓallo daga rusassun gidaje, akwai wani tebur da yaro ba ya tsayawa a gabansa sau biyu. Teburin kayan wasan yara ne kuwa. Motocin gwangwani, 'yan tsana masu jan kumatu, jirgin ƙasa da taragonsa, beyar mai kaɗa ganga. Mai teburin, Ergash, ko Ergash-aka in za a girmama shi, siririn dattijo ne mai farin gashin baki. Da ƙaramin hannu ya miƙo, sai ya ɗaga yatsa ɗaya ba tare da ya dubi mai hannun ba, uwa ta ja ɗanta su yi gaba. Shi manya yake jira, masu furfura irinsa, waɗanda ke biyan kuɗi mai kauri don su mallaki abin da iyayensu suka kasa saya musu.

Ƙuruciyarsa a masana'antar kayan wasa ta Tashkent ya yi ta, aikinsa ɗiga ido. 'Yar tsana da doki da zomo duk makafi suke isowa gabansa, su wuce suna gani. A can ya haɗu da Muhtabar, mai ɗinka wa 'yan tsana riguna, wadda ta ce ta aure shi ne don hannunsa ba ya rawa, daga baya ta gane zuciyarsa ma haka take.

Sai babbar ƙasar da suke cikinta, wadda ake mulka daga Mosko, ta watse. Albashi ya fara makara, daga nan aka koma biyan ma'aikata da abin da suke ƙerawa, kowa ya san yadda zai yi da buhun zomayen roba. Ajiyar da mahaifinsa ya bar masa a banki, wadda da can za ta sayi mota, ta wayi gari ba ta sayen buhun fulawa. Aka ce rubul ba kuɗinmu ba ne yanzu, aka kawo waɗansu takardu da ake kira kufan. Ergash ya ɗaga ɗaya a rana ya duba, ya ce da a masana'antarsu aka buga wannan, da an kori mai injin. Ba su daɗe ba aka janye su, aka kawo sabon kuɗi mai suna sum. A wannan ɗan tsakanin kowa gudun kuɗi yake yi. Muhtabar ta cika ƙarƙashin gado da gishiri da ashana da sabulu. Shi kuwa abin da ya ɗauka daga wannan zamani, ya riƙe har tsufansa, shi ne takarda tana mutuwa, gwangwani ba ya mutuwa.

Maƙwabta suna ta tashi a lokacin, 'yan Rasha da Jamusawa da Yahudawa, mutanen da aka yi yarinta tare. Suna shimfiɗa kayan gidajensu a bakin titi. Ergash ya bi su yana sayen kayan wasan 'ya'yansu, kuma har yau in ya ba da labarin cewa yake tausayi ne, ya taimaka musu da na guzuri. Abin da ba ya faɗa shi ne bai taɓa zuwa gidan kowa a makon farko ba. Yakan tambayi ranar da jirginsu zai tashi, ya je da safiyar ranar, sa'ad da akwatuna suke ɗaure, mota tana jira, mutum ba shi da bakin ciniki. Yakan rungume su, hawayensa na gaske ne, kuma da kwali a hammatarsa yake fitowa.

Shamuwar gwangwanin da ya fi ji da ita kuwa, dabam ta zo masa. Ranar da aka rufe masana'anta, aka buɗe ɗakin da ake ajiye samfuri aka raba wa tsofaffin ma'aikata a madadin albashin ƙarshe. Shi ya san abin da yake so, ya wuce can ƙurya ya ɗauko ta. An ƙera ta bayan babbar girgizar ƙasar Tashkent, 'yan kaɗan aka yi aka daina, don aikin ya yi tsada. Farar shamuwa ce ta gwangwani, dogayen ƙafafu ja, tana kwance a kwalinta cikin takarda mai laushi. In an murɗa mabuɗin da ke shiga gefenta, sai ta yi taku, ta tsaya, ta mayar da kai baya ta tafa baki, kamar 'yan uwanta da ke sheƙa a kan hasumiya. Sau ɗaya ya ga ta yi, yana sabon ma'aikaci, wani tsohon maƙeri ya murɗa musu. Shi bai taɓa murɗawa ba. Masu tara irin waɗannan kaya ba sa yi, kowace murɗawa tana rage wa abin daraja, kuma ba a ajiye mabuɗi a jikin abin wasa, kar tsatsa ta kama bakin ramin.

'Yarsu ɗaya ce, Barno. Ta tashi a gidan da ya fi kowane gida a unguwar kayan wasa, ba ta taɓa riƙe ko ɗaya ba. Ɗakin da ya fi haske, mai kallon rumfar inabi, shi aka kulle wa kwalaye, su uku suka takure a na bayan. 'Yar tsanarta Muhtabar ce ta ɗinka mata da tsumma, Ergash ya ɗiga mata ido da kansa, ya ga ai ya yi abin da uba ke yi.

Wata rana tana 'yar ƙarama ta tarar da ƙofar a buɗe, uban yana goge shamuwa da auduga. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙa ba, ta tsaya a bakin ƙofa hannayenta a baya, don ta riga ta san dokar. Wannan tsayuwar ce ta dame shi. Ya kira ta, ya kwatanta mata yadda tsuntsuwar ke taku, ya tafa mata da yatsu yadda bakin ke yi. Ta ce a murɗa ta gani. Ya ce ba yau ba. Sai ya zaro mabuɗin daga gwangwanin shayin da yake ajiye mabuɗai, ya zura masa jan zare, ya rataya mata a wuya.

"Riƙe, 'yata. Tsuntsuwa tana wurina, mabuɗi yana wurinki. Ranar da za mu kai wa ɗanki gadon jarirai, ita ce za ta shiga gaba, ke za ki murɗa."

Muhtabar tana jin su daga kicin. Da yarinyar ta fita ta ce masa, baban Barno, ka iya ciniki, ka sayi shekara ashirin na shiru da ɗan ƙarfe. Ya yi dariya, don shi ma ya san alkawarin da ke da nisa ba ya da nauyi.

Kasuwar ta yi ta hawa da sauka da abin da ke faruwa a ƙasashen da Ergash bai taɓa zuwa ba. Da man fetur ya yi daraja, dillalai daga Mosko suka cika layin da manyan jakunkuna, motar gwangwanin da ya karɓa a bakin kuɗin gurasa ta biya musu rufin ɗaki. Aka yi rikicin Kirimiya, rubul ya faɗi, suka ɓace kamar ba a taɓa yin su ba. Aka karya darajar sum a rana ɗaya, 'yan gari suka dawo neman abin da za su ɓoye kuɗinsu a ciki, aka ɗan farfaɗo. Duk wanda ya san harkar ya ji labarin shamuwar, mutane da yawa sun taya. Yakan saurari farashin har ƙarshe, idonsa a lumshe kamar mai jin waƙa, sa'an nan ya ce ta 'yarsa ce. Maƙwabcin teburinsa, Rafkat, ɗan ƙabilar Tatar mai sayar da tsofaffin rediyo, yakan ce ƙarya yake, ba Barno yake ajiye wa ba, farashin ne bai kai inda zai rama masa kuɗin motar nan da babansa ya bar masa ba. Yana kiransa darakta, wai shugaban gidan tarihin da ba a shiga. Ergash ya ce masa ya fara samun rediyo ɗaya mai magana a teburinsa kafin ya yi magana.

Barno ta yi aure gidan masu shagunan kayan mota, masu hali. Shekaru suka yi ta wucewa ba haihuwa. An je asibitoci, an je ziyarar waliyyai, uwar miji ta fara magana da bango. Duk tsawon wannan lokaci jan zaren yana wuyanta a ƙarƙashin riga, ya koɗe ta sake wani. Muhtabar ta faɗa wa mijinta ta ga mabuɗin a hannun 'yar a ɗakin jiran likita, tana juya shi kamar carbi. Ya ce Allah ya kawo. A ransa kuwa, inda ba ya leƙawa, akwai wani ɗan wuri da ya samu sauƙi da wannan jinkiri.

Allah ya kawo a shekarar da aka fara yaƙi tsakanin Rasha da maƙwabciyarta. 'Ya mace, aka sa mata Oydin.

Farkon shekarar kasuwa ta mutu murus. Hanyoyin aika kaya suka toshe, masu saye daga Turai suka yi shiru. Da kaka ta shigo sai gari ya cika da samarin Rasha masu gudun a ɗauke su soja, kowa da jaka a baya da waya a hannu. Kuɗin haya ya tashi, rubul kuma, abin mamaki, ya yi ƙarfin da bai yi ba a shekaru. Ranar Lahadi sukan shigo Yangiobod suna yawo, suna taɓa kayan da suka sani a gidajen kakanninsu.

Ɗaya daga cikinsu, Timofey, dogo mai tabarau, ya tsaya a teburin Ergash riƙe da hannun 'yarsa ƙarama. Ya ce mahaifiyarsa a Tashkent ta tashi, kuma har ta rasu tana ba da labarin wata shamuwa mai tafa baki da ta gani a tagar kanti ba a saya mata ba. Ko Ergash-aka ya taɓa jin irinta? Rafkat ya yi tari mai ma'ana. Ergash ya ce ya taɓa ji. Mako na gaba ya zo da hotonta, wai don kawai saurayin ya gani. Mako na bayansa ya zo da ita. Timofey ya faɗi farashin da babu dillalin Mosko da ya taɓa kusantarsa, a tsaye, ba ciniki, irin na mutumin da bai san ko kuɗinsa za su kai baɗi ba. Ya ce amma da mabuɗinta.

Bikin gadon jariri yana tafe, da zarar mai jego ta yi arba'in. Dangin uwa ne ke kai gadon, da katifunsa da barguna da gurasa da alewa da kayan wasa, a ɗaure cikin mayafan tebur, masu kakaki a gaba, unguwa tana kallo. Ergash ya fara lissafa wa kansa dalilai. Surukai masu kuɗi ne, ba zai shiga gidansu da tsohon gwangwani a yi masa dariya ba. Jaririya ba ta san shamuwa ba. Fentin wancan zamani ma an ce yana da guba. Dalilan duk gaskiya ne, shi ya sa suka yi masa amfani. Amma abin da ke hana shi cin abinci biyu ne. Farashin nan shi ne shaidar da ya jira tun ranar da kuɗin babansa suka mutu, cewa shi ne mai hankali, ba Muhtabar da gishirinta ba. Na biyun ya fi muni, kuma bai taɓa ba shi suna ba: in ya rufe ido sai ya ga Oydin ta yi wayo, ta kama jan ƙafar nan ta kai baki, ta buga farin fiffiken a dutsen tsakar gida. Ya gwammace tsuntsuwar ta tafi wurin baƙo ta zauna bayan gilashi da ya ga jikarsa ta kankare ta.

Ya je gidan Barno da hantsi, da gurasa masu zafi a ƙunshe. Tana zaune a kan katifa, jaririyar a cinyarta, fuskarta ta yi fayau. Suka gaisa, ya yi wa Oydin addu'a, ya sha shayi, ya yi maganar sanyi da ya fara shigowa. Sai ya ce, yana kallon kofin, zaren ƙarfen da ke cikin tsuntsuwar ya daɗe bai motsa ba, yana so ya sa masa mai ya gwada kafin ranar, kar a ji kunya a gaban mutane.

Barno ta dube shi. A gidan mai sayar da tsofaffin kaya ta tashi, ta san ba a gwadawa, ta san kuma abin da ake nufi in an nemi mabuɗi ya koma wurin abinsa.

"Ku kawo ta nan mana, Baba, mu gwada tare."

"Ƙura, 'yata. Ga hanya. Kin san yadda take."

"Na san yadda take," in ji ta.

Ta sa hannu ɗaya a wuya, ɗayan yana tallafe da kan jaririyar. Ƙullin ya ƙi kwancewa, ta ciji zaren ta tsinke shi. Ta zare mabuɗin ta ajiye a kan mayafin tebur kusa da gurasa, ba ta miƙa masa a hannu ba. Da ya ɗauka, da ɗuminsa.

Ranar Lahadi aka yi cinikin, da rubul, don duk layin cewa ake yi rubul ne kuɗi yanzu. Mutumin da ya yi rantsuwa ba zai ƙara yarda da takarda ba ya karɓi takarda, irin wadda ta taɓa cin amanarsa. Yana shirin nuna wa Timofey yadda ake naɗe ta, da inda ba a kamawa, da irin gilashin da ya dace, sai ya ga saurayin ya durƙusa a ƙasa, ya zura mabuɗin ya murɗa har ƙarshe.

Shamuwa ta miƙe ta yi taku a kan simintin kasuwa, tsakanin ɓawon 'ya'yan furen sunfulawa da ake ci da guntayen taba. Ta tsaya, ta mayar da kai baya, ta tafa baki. Ƙarar ta fi yadda yake tunawa, tsaf-tsaf, har Rafkat ya bar mai tayin rediyo ya leƙo. Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya ta cafke ta a wuya. Yatsan Ergash ya tashi da kansa.

"Kar ki taɓa."

Timofey ya ɗago yana murmushi. "Ergash-aka, ai tata ce. Ita na saya wa."

Ya ce kuma a riƙe kwalin, ɗaki ɗaya suke haya, ba wurin ajiye tarkace. Kwalin da shi ne rabin darajarta. Suka tafi, yarinyar tana jan tsuntsuwar da ƙafa ɗaya, fiffike yana gogar rigar sanyinta. Rafkat, wanda bai taɓa rasa abin faɗa ba, ya koma teburinsa ya kama goge wani rediyo da ya riga ya goge.

Bikin ya yi kyau, ba wanda zai ce ba haka ba. Masu kakaki har biyu, gadon na katako mai daraja, mai zane, shinkafa ta wadata. A gaban kaya aka tura wata ƙatuwar motar yara mai batir, fara, da fitilu da waƙa, wadda Oydin ba za ta iya hawa ba sai ta yi shekaru. Uban mijin Barno ya dafa kafaɗar Ergash ya ce ashe tsofaffin gwangwanaye suna haihuwa. Mata suka kwance ƙunshi ɗaya bayan ɗaya ana nunawa ana yabo. Muhtabar ta tsaya har aka kwance na ƙarshe, sa'an nan ta dubi mijinta daga tsallaken tsakar gida, ta juya ta shiga cikin mata.

Da la'asar, maza sun fara watsewa, yana wanke hannu a bakin famfo, Barno ta fito da tawul. Ya shirya dalilansa tun a hanya, a jere, na gubar fenti a gaba. Ba ta tambaye shi ko ɗaya ba.

"Baba, ta yi tafiya?"

Ya ce ta yi.

"Bakin fa? Yana tafawa kamar yadda kuke yi min da yatsu?"

"Ya fi haka ƙara."

"To, madalla." Ta miƙa masa tawul ɗin. "Dama so nake in san ko gaskiya ne."

Ya nemi Timofey daga baya, ba sau ɗaya ba. Mai gidan hayar ta ce sun tashi, wata ƙasar ta ba su takarda, ba ta riƙe sunanta ba. Ragowar kuɗin ya ɓoye su cikin gwangwanin shayi yana jira su ƙara tashi, da shekara ta zagayo rubul ya zube, 'yan canji suka fara yamutsa fuska in sun gan shi. Muhtabar ba ta yi masa gori ba, ko sau ɗaya, shi kuwa ya fi son ta yi.

Har yanzu yana zuwa Yangiobod Asabar da Lahadi. Kwalin yana kan teburin, a can baya, masu sani sukan taya, ya ce ba na sayarwa ba ne. Rafkat ya daina kiransa darakta.

Da Oydin ta fara tafiya, Ergash ya buɗe ɗakin mai kallon inabi, ya zaɓi mafi kyau a abin da ya rage, beyar mai ganga, ya zura mabuɗin a jikinsa, ya fitar da shi daga kwali da hannunsa. Ya kai gidan Barno, ya durƙusa da ƙyar a kan darduma, ya ajiye a gaban yarinyar. Oydin ta miƙo hannu. Kafin ta kai, uwarta ta sunkuya ta ɗauke beyar ɗin, a hankali, ta inda ake kamawa, yadda ta ga ana yi tun tana ƙarama. Ta zare mabuɗin, ta taka kujera ta ɗora shi can saman kabad.

"Mun gode, Baba," in ji ta. "Bari in ajiye a nan, kar ta lalata muku."